Motar Auta Ta Daina Rawa

Akwai direbobin da suka fi shekara goma suna kawo masa mota, amma da za ka tsare su ka ce su kwatanta maka fuskarsa, labarin sanƙonsa kaɗai za su iya ba ka. Ba laifinsu ba ne. Duk lokacin da ka shiga garejin yana cikin ramin nan da ake ɗora mota a kai. Daga ƙasa yake amsa sallama, daga ƙasa yake faɗa, daga ƙasa yake sallamar mutum. Shi ya sa sunansa na yanka ya ɓace, kowa Na-Rami yake ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci.

Bakanike ne, amma ba na inji ba. In ka kawo masa mota tana tari ko tana hayaƙi, da sifana zai nuna maka ƙofar maƙwabci. Shi ƙasan mota ya sani: sifirin, shokazoba, bushin, da duk wani ƙarfe da ke tsakanin taya da jikin mota. Yakan ce kowane wawa zai iya sa mota ta yi gudu, aikin manya shi ne a sa ta tsaya da ƙafafunta. Yana da ɗan ji da kai a kan aikinsa, kuma gaskiya ya isa ya yi. Ba ya yarda da ido. Kafin ya taɓa mota sai ya ɗaura noti a bakin zare, ya sake shi daga gefen kowace taya, ya zana da alli a ƙasa, ya auna, ya sake aunawa, mai mota na tsaye yana duban agogo yana tsaki. Tsakin bai taɓa sa shi ya yi sauri ba.

Su bakwai Innarsu ta haifa, shi ne na fari. Mahaifinsu ya rasu yana da shekara sha tara, ɗan autansu kuma yana da biyar, don haka a hannunsa Auta ya tashi. Shi ya kai shi makaranta, shi yake zuwa ba da haƙuri duk ranar da ya fasa wa ɗan wani kai. Ya so ƙwarai ya koya masa sana'ar, amma Auta bai yi wata biyu a rami ba ya fito yana kakkaɓe jiki, ya ce shi ba gafiya ba ne. Sitiyari yake so. Lokacin da abin nan ya faru Auta ya ba arba'in baya, yana da mata da 'ya'ya uku da furfura a gemu, amma a garejin Auta ne dai. Zai shigo ya shanye shayin yayansa, ya wanke hannu da sabulunsa, ya leƙa ramin ya ce, "Yaya, ya mutanen ƙasa?" Na-Rami ya zage shi, irin zagin da duk wanda ya ji ya san ƙauna ce. Bai cika tsoron komai a duniya ba, amma ɗan tsoron da yake da shi, kaf a kan Auta ya tara shi.

Auta direban haya ne. Yana da wata doguwar tsohuwar mota mai kujeru layi uku, yana jigilar mutane tsakanin gari da ƙauyukan bayan tsauni, sawu biyu a rana. Hanyar ba ta da laifi sai a wuri ɗaya. A dawowa, kana tsallake gada sai gangara, a ƙarshen gangarar kuma akwai kwana mai tsini da ta lanƙwasa hagu, dama da ita kwazazzabo ne cike da duwatsu. Motar kuma tana da wata ɗabi'a. Da ta shiga kwana da ɗan gudu sai bayanta ya fara kaɗawa, ya yi dama ya dawo hagu, fasinjojin layin ƙarshe su yi ta salati. Auta dariya yake yi, ya ce tsohuwar tasa rawa take so, a bar ta ta taka.

Na-Rami bai san girman abin ba sai ranar da suka je dubo wata gwaggonsu marar lafiya, ya bar wa wata dattijuwa kujerar gaba ya koma can baya. Suna tsallake gadar ya ji Auta ya ɗaga ƙafa, ya fara taɓa birki kaɗan-kaɗan yana yi wa motar magana kamar mai lallashin yaro. Duk da haka, da suka shiga kwanar sai ya ji kujerar da yake kai ta zame ta nufi kwazazzabon, ta ɗan tsaya, sannan ta dawo. Tsoro ya kama shi. Ba don kansa ba. Abin da ya faɗo masa shi ne, haka ƙaninsa yake wuce wurin nan sau biyu kullum.

Suna sauke fasinjoji ya ce, "Gobe ka kawo min ita."

"Haba Yaya, shekara shida tana yi. Mun saba da juna."

"Da ni ba za ta saba ba. Ka kawo ta."

Ga yadda abin yake, don wanda bai taɓa leƙa ƙasan mota ba. Tayoyin baya na irin wannan mota a jikin dogon ƙarfe ɗaya suke, daga wannan taya zuwa waccan, shi ne kanikawa ke ce wa aksil. Jikin motar yana zaune a kan sifirin, bisa wannan ƙarfe. Abin da ke hana jikin zamewa gefe wata sanda ce guda ɗaya a gicciye, kai ɗaya a jikin aksil, ɗaya kan a jikin mota. Duk lokacin da motar ta nutsa ko ta ɗago, sandar tana juyawa kamar hannun agogo, sai ta ja bayan motar gefe ko ta tura shi. Kaɗan ne, bai kai faɗin yatsu biyu ba. Amma a tsakiyar kwana, da mutum tara da kayansu, yatsu biyu sun isa su sa babban mutum kiran sunan uwarsa.

Na-Rami ya canza robobin bushin, ya canza shokazoba. Rawar ta ragu, bayan sati biyu ta dawo. Abin ya tsaya masa a rai, har yana zana sanduna da yatsa a kan tabarma matarsa na yi masa magana bai ji ba. Ana nan wata rana ya je filin da ake zubar da matattun motoci neman wani ƙarfe, sai ya ga wata mota a kife, tayoyinta a sama. Ita ba sanda ɗaya gare ta ba. Gajerun sanduna biyu ne, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, a tsakaninsu kuma wani ɗan ƙarfe da ke juyawa a kan ƙusa a tsakiyar aksil. In wannan ta ja, waccan ta tura, sai jikin motar ya hau ya sauka a miƙe, ba dama ba hagu. Ya tsuguna a wurin kusan awa guda yana juya ɗan ƙarfen da hannu. A nan ya raɗa masa suna, mai raba faɗa.

Na waccan motar ba zai shiga ta Auta ba, don haka ya zana shi a bayan kwali ya kai wa Mai Walda, wani tsohon abokinsa da rumfarsa ke jikin garejin. Shekara ashirin suna aiki tare, kuma ba su taɓa yarda da juna a karon farko ba.

Mai Walda ya juya kwalin sama da ƙasa ya ce, "Waɗanda suka ƙera motar nan sanda ɗaya suka sa. Kai ka fi su karatu ne?"

"Su ba ƙaninsu ke tuƙa ta ba."

Mai Walda ya jawo wayar walda.

Sati uku aikin ya ci. Na farkon da suka yi, ƙusar ta yi ƙasa da yawa, tudu kaɗan zai taɓa ta, Na-Rami ya sa aka yanke. Na biyu, sanda ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsawo da abin da bai fi kaurin farce ba, ya ce a sake. Mai Walda ya rantse ba zai ƙara yi masa aiki ba, washegari kuma shi ya riga shi zuwa. Duk inda aka yi walda sai Na-Rami ya bari ya huce, ya buga masa guduma, ya kasa kunne. Auta kuwa yana ta zarya da motar aro yana mita, wai an kwantar masa da tsohuwa a asibiti ba ciwon komai.

Ranar gwaji suka loda buhunan yashi a madadin fasinjoji, Na-Rami ya koma kujerar nan ta can baya. Suka tsallake gada. Auta ya taɓa birki a inda ya saba, ya riƙe sitiyari da kyau yana jiran rawa. Ba ta zo ba. Motar ta shiga kwanar ta fita kamar an ɗora ta a kan layin dogo. Auta ya yi ihu, ya daki sitiyari, ya juyo gaba ɗaya yana cewa, "Yaya! Yaya, me ka ba ta?" Na-Rami ya daka masa tsawa cewa ya dubi gabansa, amma shi ma bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. A duk shekarunsa na aiki bai taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba. Ya koma gida yana jin ya cire wa ƙaninsa mutuwa daga ƙarƙashin kujera.

Wata huɗu bayan haka, wata Talata da hantsi, an ɗan yi yayyafi an ɗauke, yana cikin rami wayarsa ta yi ƙara. Wani direba ne daga tasha. Auta yana dawowa shi kaɗai, motar ta bar titi a kwanar bayan gada, ta yi ta juyawa har ƙasan kwazazzabo. An fito da shi da rai. Na-Rami bai san yadda ya fita daga ramin ba, bai kuma san ya isa asibiti da sifana a hannu ba sai da wata ma'aikaciyar jinya ta ce ya ajiye.

Kwana biyu likita yana kewaye-kewaye kafin ya faɗa musu. Ƙashin baya ya karye. Hannuwa suna aiki, kai lafiya lau, amma daga ƙirji zuwa ƙasa Auta ba ya jin komai, kuma kada su sa rai.

Mutane kuwa, Allah ya shirye su, ba sa iya ganin masifa su bar ta ba su nemo mata uba ba. Kafin sati ya zagayo, waɗanda ba su san bambancin aksil da sifana ba duk sun zama injiniyoyi. A tasha ana cewa an yi wa motar ƙari a ƙasa, ƙarin ne ya ɓalle. Wani ya rantse ya ga ƙarfen a kan titi, alhali ko wurin bai je ba. Ba wanda ya faɗa a gaban Na-Rami, amma in ya doso sai hira ta mutu. Shi bai ma buƙaci a faɗa masa ba, don tun a hanyar asibiti tambayar ta shige shi ta zauna: aikinsa ne ya karya bayan ƙaninsa, ko kuwa?

Ya kasa shiga ɗakin da Auta yake. Kullum yana asibitin tun safe, shi ne karɓo magani, shi ne kai yara makaranta, shi ne ɗauko wannan kai wancan, amma da ya zo bakin ƙofa sai ƙafarsa ta tsaya. Matar Auta takan fito ta ɗan rusuna ta ce, "Yaya, sannu da ƙoƙari. Yana ta tambayarka." Sai ya ce yana zuwa, bari ya ga likita. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya daina cin abincin kirki, ya rufe garejin. Ya riga ya yanke wa kansa cewa ba zai haɗa ido da Auta ba sai ya shiga ƙarƙashin motar nan ya gani da idonsa.

Sai a kwana na sha ɗaya hukuma ta saki motar, janwe ta jawo ta garejin. Rufin ya lotsa har ya taɓa kujeru, babu gilashi ko ɗaya. Aka tura ta kan ramin da ƙyar. Mai Walda ya zo ya tsaya daga sama, shi ma waldarsa ce ake shirin yi wa shari'a. Na-Rami ya ɗauki fitila da guduma ya sauka. Ya daɗe a tsaye a matakalar ƙarshe kafin ya ɗaga kai.

Sandunan biyu suna nan. Ya kankare laka da yatsa, ya bi waldar ɗaya bayan ɗaya, ya buga guduma, ya kasa kunne. Babu tsaga ko ɗaya. Ya sa sifana a kowane noti, duk a ɗaure tam. Ya kama mai raba faɗa, ga shi nan daram a kan ƙusarsa, giris ɗinsa ma bai bushe ba. Bai yarda ba, ya fito ya ɗauko zare da alli ya auna. Motar da ta yi juyi huɗu a kan duwatsu, aksil ɗinta yana tsakiya daidai.

"Ya ake ciki?" in ji Mai Walda.

"Ba abin da ya motsa."

Mai Walda ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya rufe fuska da hula. Na-Rami ya jingina da bango yana jin kamar an sauke masa buhun siminti daga ƙirji. Ƙaninsa dai yana kwance, wannan ba abin da zai canza shi, amma ba hannunsa ba ne. Ya je gida ya yi wanka, ya ci abinci har matarsa na kallonsa, ya sa riga mai tsabta, da la'asar ya nufi asibiti. Wannan karon bai tsaya a bakin ƙofa ba.

Auta ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu, amma idanun nasa ne. Yana ganinsa ya yi murmushi ya ce, "A'a, Yaya! Ni na ɗauka sai an haƙa rami a ɗakin nan za ka shigo."

Na-Rami ya ja kujera ya zauna. Ya rasa ta inda zai fara, sai kawai ya ce, "An kawo motar. Na shiga na duba. Babu abin da ya karye a aikin, ko noti ɗaya bai kwance ba."

"Wannan ne ya hana ka shigowa?" Auta ya dubi matarsa, ya dawo da ido kan yayansa. "Haba Yaya. Ai da ni ka tambaya da tuni na faɗa maka. Wa ya isa ya ce aikinka ne? Duk wanda ya faɗa a turo min shi nan."

"Mutane ne dai."

"Rabu da su. Ni ne a ciki, ni na san abin da ya faru." Ya gyara kansa a kan matashi. "Ka ga da, tun daga gada take fara yi min magana. In ta kaɗa sau ɗaya na san na yi yawa, sai in rage. Shekara shida ban taɓa duban allon gudu a wurin nan ba, ita ke gaya min. To da ka gyara ta sai ta yi shiru. Satin farko ina taka birki a inda na saba. Sai na ga ba ta ma buƙata, na ɗan matsa gaba. Wani satin na ƙara matsawa. Wallahi Yaya, wata biyun ƙarshe ko taɓa birki ba na yi a kwanar nan, haka nake shiga in fita, 'yan tasha suna mamakin yadda nake riga su isowa. Ranar ma ba ta ce min komai ba. Lafiya lau take tafiya, sai kawai na ga sama ta koma ƙasa." Ya miƙo hannu ya dafa gwiwar yayansa. "Ka ga kuwa ba ruwan aikinka. Aikinka ya yi kyau, Yaya. Ban taɓa tuƙa mota mai daɗinta ba."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, don ya kwantar wa yayansa da hankali. Na-Rami ya ji kowace kalma ta shige shi. Sati uku ya yi yana auna ƙarfe har kaurin farce, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa me rawar nan take yi wa mutumin da ke riƙe da sitiyari ba. Ita ce take taka wa Auta birki. Tsoron da ya tsare masa ƙani shekara shida, Na-Rami ne da kansa ya shiga rami ya kwance shi da hannunsa, ya kuma yi aikin da kyau yadda ba zai dawo ba. Da waldar ce ta tsage, da ya san sunan laifinsa, da akwai wanda za su raba shi. Wannan kuwa nasa ne shi kaɗai, kuma babu wanda zai taɓa tuhumarsa a kai. Baƙin cikin da ya taso masa ya fi na ranar da aka kira shi a waya.

Matar Auta ta dubi agogo ta ce lokacin juya shi ya yi, duk bayan awa biyu ake yi don kada bayansa ya yi gyambo, bari ta kira ma'aikaci.

"Bar shi," in ji Na-Rami. "Zan iya."

Ta nuna masa yadda ake yi, hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu. Ya juya shi a hankali ya fuskantar da shi bango, ya sa matashi tsakanin gwiwoyin da ba su san an taɓa su ba. Ta ɗauki buta ta fita ɗebo ruwa.

Na-Rami ya tsaya yana kallon bayan ƙaninsa. Sai ya durƙusa a gefen gadon, ya kifa goshinsa a kan ƙugun Auta, can ƙasa inda likita ya ce babu ji, ya saki kukan da ya riƙe kwana goma sha ɗaya. Ya cije leɓe don kada sauti ya fita. Hawaye suka jiƙa rigar asibitin har ta manne da fata, Auta bai sani ba, yana ta yi wa bango magana.

"Ka san me nake tunani? Kada a bar ƙarfen nan ya lalace a banza. Ka cire shi. Akwai wani abokina a tasha, irin motata gare shi, ya daɗe yana roƙona in yi maka magana ka sa masa. Yana da yara ƙanana, ga tasa ma rawar take yi." Ya ɗan karkato kai. "Yaya? Kana ji na?"

Na-Rami bai ɗaga goshinsa ba.

"Ina jin ka, Auta," ya ce.